Tambayi Anti Malama: Na Cika Littafi Uku da Not Ɗin Bayoloji Amma Mok Ya Kayar da Ni

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da wannan mako. Tunda WAEC ta fara ƙaratowa saƙonnin da ke shigo min duk sun koma na 'yan SS3 da iyayensu, kuma abin mamaki rabi duk a kan bayoloji ne, to na zaɓo guda huɗu, na farkon shi zai ci mana fili don na san ba wadda ta aiko shi kaɗai ba ce ke cikin wannan hali.

TAMBAYA: Salam Anti Malama da fatan kina lafiya ya aiki ya yara. Dan Allah ina cikin damuwa ne. Ni 'yar SS3 ce a nan Rigasa, Kaduna, sayans nake yi kuma burina in karanci nasin ko medisin in Allah ya yarda. Tun SS1 nake rubuta not ɗin bayoloji, bayan wanda malaminmu ke ba mu a allo in na dawo gida sai in buɗe littafin karatu in sake rubuta nawa da biro kala uku, shuɗi da ja da kore, yanzu haka na cika manyan littattafai uku wallahi har 'yan ajinmu aron nawa suke yi saboda kyau. To sai aka yi mok, wato jarrabawar gwaji kafin WAEC, da ƙyar na samu fas, ƙawata kuwa da ko not ɗin malam ba ta gama kwafa ba sai fas kwashin, wato tambayoyin jarrabawar shekarun baya, kawai take yi ta ci B. Na yi kuka sosai. A cikin hol ɗin ina ganin tambaya na san na taɓa rubuta amsarta har ina tuna shafin da kalar biron amma abin ya ƙi zuwa. Anti shin rubuta not ɓata lokaci ne in daina, ko ni ce ba ni da ƙwaƙwalwa? Daga 'yarki a Rigasa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata. Share hawayenki tukuna, yarinyar da ta zauna ta cika littafi uku ba tare da an tsaya a kanta da bulala ba ba za a ce mata raguwa ba, kuma ƙwaƙwalwarki ƙalau take. Gara ma da mok ɗin ya tona miki asiri yanzu da a ce risol ɗin WAEC ne ya tona.

Ki lura da abin da kika faɗa da bakinki, kin tuna shafin kin tuna kalar biron amma amsar ta ƙi zuwa. Nan matsalar take kaf. Rubutu iri biyu ne. Akwai wanda littafi na buɗe a gabanki, ido na ɗauka hannu na sauke wa, abin ya bi ta ido ya fita ta biro bai ko yada zango a kai ba, shi ya sa za ki iya yinsa kina sauraren rediyo ko kina hira da ƙanwarki har ki gama shafi biyar ba ki san me kika rubuta ba. Akwai kuma wanda kika rufe littafin kika ture shi gefe, kika ɗauko farar takarda kika ce bari in ga me ya zauna. Na farkon shi kika yi shekara uku kina yi. Na biyun shi ake tambaya a hol, don ranar jarrabawa farar takarda za a miƙo miki ba littafinki mai kala uku ba.

Mu Hausawa ma bai kamata a koya mana wannan ba. Ki duba makarantar allo, almajiri yana rubuta karatunsa a allo, eh, amma ba a ce masa ya wanke don rubutun ya yi kyau, sai ya zo gaban malam ya kawo shi da ka. Kuma ba a kiran mutum alaramma don ya iya kwafar Alƙur'ani daga wani, wanda ya zauna ya rubuta shi daga ƙirjinsa ake girmamawa. Ke kanki a Islamiyya in za ki ba da hadda ai ba kallon shafin kike ta yi ba, rufewa kike yi ki karanto, in kin kakare ki leƙa ki sake rufewa. To me ya sa da an zo boko sai mu ajiye wannan dabara a bakin ƙofa mu koma aikin magatakarda?

Abin da ke yaudarar mutum shi ne sabo. In kin buɗe not ɗinki komai sananne ne, ido ya saba da shi, sai zuciya ta ce ai na iya. Kamar wadda kullum ake ɗaukarta a napep daga Rigasa zuwa Kasuwar Barci ne, za ta rantse ta san hanya tunda duk kwanar da aka sha ta gane ta, amma ranar da baƙo ya tsayar da ita ya ce kwatanta min, sai ki ji ana in ka miƙe sai ka, hmm, tsaya dai tukuna. Mai napep ɗin shi ya san hanya don shi ke yanke shawarar kowace kwana.

Turawa ma sun gwada abin nan. A 2006 wasu masana halayyar ɗan adam biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun ba ɗalibai ɗan gajeren rubutu su karanta, wasu aka ce su sake maimaita karantawa, wasu kuma aka karɓe takardar aka ce su rubuta duk abin da suka tuna. Da aka gwada su bayan minti biyar masu maimaita karatu ne a gaba, amma da aka dawo bayan mako guda sai labari ya juye, waɗanda suka wahala suka tono daga ka su suka fi riƙewa. Kuma abin da ya fi ba ni dariya masu maimaita karatun su suka fi yarda da kansu cewa za su tuna. Sannan a 2013 wani mai suna Dunlosky da abokan aikinsa suka auna hanyoyin bita guda goma da ɗalibai ke amfani da su, ja layi a ƙarƙashin rubutu da maimaita karantawa da taƙaita darasi duk suka faɗo a sahun masu ƙaramin amfani, biyun da suka fi su ne gwada kai da tambayoyi da kuma rarraba bita a kwanaki daban daban. Wato dai hadda da tilawa, sun sa musu kwat ne kawai.

To ga yadda nake so ki yi daga yau, bari mu ɗauki zuciya tunda ba a cika rasa ta ba. Ki karanta babin sau ɗaya a natse daga cikin not ɗinki, kar ki rubuta komai. Ki rufe. Ki ɗauko takarda ko bayan tsohuwar kalanda ce, ki zana zuciya da ɗakunanta huɗu, biyu sama biyu ƙasa, ki bi jinin da kibiya kamar kina raka baƙo, ya dawo daga jiki ya shiga ɗakin sama na dama, ya sauka na ƙasa na dama, aka tura shi huhu ya sauke iskar da jiki ya gama da ita ya ɗauko oksijin, ya dawo ɗakin sama na hagu, ya sauka na ƙasa na hagu, daga nan babbar jijiyar nan ayota ta fita da shi duk jiki. Za ki kakare, tabbas za ki kakare, kuma za ki ji haushi. Kar ki buɗe da wuri, ki ɗan yi kokawa da shi minti ɗaya biyu. Sai kin ƙare iya ƙoƙarinki sannan ki buɗe littafi ki ɗauko jan biron nan naki, yau ya samu aikin gaske, ki gyara duk inda kika yi kuskure ko kika tsallake. Abin da ya fito da ja shi ne ainihin not ɗinki, shi ne abin da ba ki sani ba, sauran shuɗin kin riga kin mallake shi ba sai kin ɓata dare a kansa ba.

Sannan ki riƙa tambayar kanki me ya sa. Me ya sa bangon ɗakin ƙasa na hagu ya fi na dama kauri? Don na dama huhu kawai zai kai jini ga shi nan maƙwabci, na hagu kuwa sai ya tura har yatsan ƙafa. Me ya sa jijiyar da ke fita daga zuciya zuwa huhu take ɗauke da jini mara oksijin alhali sauran masu fita daga zuciya masu oksijin suke ɗauka? Irin wannan masu saita tambaya ke so, don sun san mai haddar aku a nan zai zame. In kina da hali ki ce a sayo miki zuciyar rago ko ta akuya a wurin mahauta ki tsaga ta da wuƙa ki taɓa bangon nan biyu da yatsanki, gani ya kori ji, wallahi ba za ki sake mantawa ba, in kin gama kuma a soya a ci babu asara.

Kar ki ce kin yi yau shikenan. Tun 1885 wani Bajamushe Ebbinghaus ya gwada a kansa ya nuna mantuwa ta fi gudu a sa'o'i da kwanakin farko bayan koyo, daga baya take lafawa. Don haka zuciyar nan ki sake zana ta gobe da ka, sai bayan kwana uku, sai bayan mako, kowanne bai fi minti goma ba kuma za ki ga jan yana raguwa. Ni nakan ce wa ɗalibaina su rubuta kwanan wata a saman kowace takarda su haɗa su da fil, ranar da gwiwa ta yi sanyi su duba ta farko da ta ƙarshe.

Yanzu littattafanki uku, kar ki kuskura ki jefar ko ki bayar a ƙulla ƙosai. Sun zama miki littafin dubawa tunda kin san inda komai yake. Abin da na hana shi ne na huɗu. In ma za ki yi sabon rubutu to ya zama irin wanda babu shi a littafi sai kin haɗa da kanki, misali tebur mai gida biyu, maitosis a nan mayosis a can, wato hanyoyi biyu da ƙwayar halitta ke rabuwa, a jikin mutum na farkon ƙwayoyi biyu yake bayarwa kowacce da kuromozom 46 kamar uwarsu, na biyun huɗu yake bayarwa kowacce da 23 kuma a wurin samar da ƙwayoyin haihuwa ake yinsa. Ko zagayen rayuwar ƙwayar maleriya tsakanin macen sauro da hanta da jinin mutum, a shafi ɗaya da kibiyoyi. Ko ki bi gefen tsohon not ɗinki ki rubuta tambaya a gaban kowane sakin layi da fensir, gobe ki rufe amsar da hannu ki amsa. Jinetiks kuwa, wato ilimin gadon halitta, ba a karanta shi, lissafa shi ake kamar mas, ki zana akwatin nan mai gida huɗu ki haɗa AS da AS da hannunki ki ga AA ɗaya AS biyu SS ɗaya sun fito, kuma ki gane cewa kowane ciki ne ke da wannan ɗaya cikin huɗun, ba wai in an haifi huɗu dole ɗaya ne kawai zai zama sikila ba. Wannan ma ko ba don jarrabawa ba ya kamata kowace budurwa ta sani kafin a kawo kuɗin gaisuwa, amma wannan hirar wata rana ce.

Ƙawarki kuma ba wai ta fi ki kai ba ne, ta faɗa kan hanya mai kyau ne ko da saninta ko babu, tunda duk fas kwashin da ta yi gwada kanta ta yi. Amma ki faɗa mata in ji ni kar ta saki jiki. In amsoshin bayan littafi take haddacewa, lamba 12 C lamba 13 A, ranar da aka juya tambayar za ta sha mamaki. Kuma bayoloji a WAEC takarda uku ce, akwai objektif mai tambaya 50, akwai tiyori da za ki rubuta bayani da hannunki, akwai firaktikal da za a ajiye miki abu a gabanki a ce zana ki sa suna. Ku haɗu ku biyu mana, ke da littattafanki ita da tambayoyinta, ranar Asabar bayan Islamiyya ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa.

Kuma in faɗi gaskiya laifin ba naku kaɗai ba ne, mu malamai muna da kaso babba. Na koyar a wata makaranta a garin nan inda ake duba littafin yara a ba da maki a kan cikar not, firiyod ɗin minti arba'in ya ƙare kaf a kwafa daga allo, wani lokacin ma malamin ba ya nan monita ya bar wa littafin. Yaro ya tashi a haka dole ya ɗauka cika littafi shi ne karatu. Ni ma na yi hakan shekarun farko, Allah ya yafe mana.

TAMBAYA: Malama barka da aiki. Ni uba ne daga Kawo. Yarona yana SS2, na saya masa littattafan rubutu har dozin amma ba ya rubuta komai, sai dai ya ɗauki hoton not ɗin abokansa da waya ko a turo musu a guruf ɗin WhatsApp, in na yi magana ya ce Baba ai duk yana cikin waya. Mu a zamaninmu hannu har kanta yake yi. In ƙwace wayar ne?

AMSA: Ranka ya daɗe Baban yara, gaskiyarsa ce duk yana cikin waya, sai dai wayar ba za ta shiga hol ba, in ma ta shiga to an samu babbar matsala. Shi yaron naka ya fi 'yar Rigasa ta sama nisa da tasha, ita ko banza hannunta ya bi ta kan kalmomin ta saba da rubuta su, shi kuwa tarawa kawai yake kamar mai tara katin biki. Amma ban ba da shawarar a ƙwace ba kuma kar ka tilasta masa zaman kwafe hotunan nan duka, za ka samu cikakken littafi da yaro mai fushi ba abin da ya ƙaru. Ga abin da ya fi sauƙi, bayan sallar isha'i ka ce ya zaɓi darasi ɗaya ya karanta a wayar minti ashirin, sannan ya miƙo maka wayar ka riƙe, ya ɗauki ɗaya daga cikin dozin ɗin nan ya rubuta abin da ya tuna, ko ya yi maka bayani da Hausa yadda ƙoda ke tace jini ta fitar da fitsari. Ba sai ka san bayoloji ba Alhaji, kai dai ka riƙa cewa to daga nan sai me, kana duba hoton kana ganin ko ya tsallake wani abu. Wanda ya iya abu zai iya faɗinsa da harshen uwarsa, wanda bai iya ba sai ya ɓuya a bayan turanci. Sati biyu za ka gane inda aka kwana.

TAMBAYA: Anti ni matsalata zane ne da sunayen nan na Latin masu karya haƙori, ina ganewa amma in na zo rubutawa sai sifelin ya watse. Kuma ban iya zane ba sam. Ɗanki daga Kakuri.

AMSA: Ɗana a nan kam biro da fensir ba su da madadi, wannan shi ne wurin da rubutu da hannu ke biyan kuɗinsa, don masu makin ba sa yafe kuskuren harafi a kalmomin fanni. Ka fara da abubuwan da ke gidanku, masara Zea mays, mangwaro Mangifera indica, gyaɗa Arachis hypogaea, kuka Adansonia digitata, ƙadangaren da ke gyaɗa maka kai a katanga Agama agama. Ka duba sau ɗaya, ka rufe, ka rubuta, ka duba. Sunan farko da babban harafi yake farawa na biyu da ƙarami, kuma in da hannu ka rubuta ka ja wa kowanne layinsa daban a ƙasa.

Zane kuma ba gasar masu fenti ake ba, ba wanda ya ce ka zama mai zanen bayan tifa. Fensir mai tsini, layi ɗaya tsaf ba ka yi ta karce karce ba, babu shedin wato yi wa zane inuwa, layin da zai nuna suna ka ja shi da rula ya taɓa ainihin abin da kake nufi kuma kar layukan su haye juna, ka sa taken zanen, in an ce tsawonsa ya zama santimita kaza to ka auna, sannan ka rubuta ninki nawa ka ƙara ko ka rage, wato tsawon zanenka a raba da tsawon abin da ke gabanka. Yara da yawa a nan suke zubar da makin da yake kyauta ne. Ka kama fara ko kyankyaso, ka tsinko ganyen rogo ko furen zoɓo, ka jiƙa wake ka ɓare shi biyu, ka zana abin gaske ba hoton littafi ba, tunda ranar firaktikal ma abin gaske za a ajiye maka a faranti.

TAMBAYA: Malama saura min 'yan makonni JAMB, na yanke shawarar in riƙa kwana ina taƙaita duk bayoloji daga SS1 a sabon littafi, ina shan kofi da goro don kar barci ya ɗauke ni. Ya kika gani? Daga Unguwar Rimi.

AMSA: Ban gani ba wallahi. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma JAMB tambaya 40 ce a bayoloji duk zaɓi ne a kwamfuta, ga turanci 60 ga sauran darussa biyu duk cikin awa biyu, saboda haka abin da kake buƙata yanzu sauri ne da gane tarko ba sabon littafi ba. Ka ɗauko manhajar JAMB ɗin ka yi tambayoyin baya kana kallon agogo, duk wadda ka faɗi ka rubuta layi ɗaya tak a kan dalilin da ya sa amsar take haka, takardar nan ita za ka duba daren jarrabawa. Kofi da goron kuma ka bar wa masu gadi, ƙwaƙwalwa a cikin barci take adana abin da aka koya da rana, ka kwanta da wuri ka tashi da asuba. In kuma a gida ba ka da kwamfuta ka nemi kafe ko santar CBT a kusa da ku ka je ko sau biyu ne hannunka ya saba da danna amsa kafin ranar.